Tuddan Durɓi Takusheyi: Me Ke Cikinsu, Na Wane Ne, Kuma Wa Zai Tsare Su?

Tun da haƙar zinariya ta zama sana'ar ƙauye a arewa maso yamma, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisu da zaurukan WhatsApp, cewa duk tudun da ya tashi shi kaɗai a tsakiyar gona akwai dukiyar mutanen da a ƙarƙashinsa. Masu wannan magana sukan kafa hujja da Durɓi Takusheyi, wani wurin tsofaffin kaburbura gabas da birnin Katsina, su ce ai can ma Turawa sun tono zinariya. A ɗaya gefen kuma, manomin da ke da irin wannan tudu a gonarsa ya gwammace ya yi gum, don tsoron kada a ce kayan tarihi ne a raba shi da gonar gado. Mai kwaɗayi da mai tsoro duk wuri ɗaya suke kai tudun: ko a farke shi da dare, ko a baje shi da garma kafin wani ya gani.

To mene ne ainihin waɗannan tuddai? Me dokar ƙasa ta ce a kansu? Idan kuma aka ayyana wuri a matsayin abin tarihi, me hakan ke jawo wa mai gona?

Ba kowane tudu ne kushewa ba

A karkarar Katsina da Daura akwai tuddai iri huɗu da ake rikita su. Akwai tsohon suri da ya mutu ya baje, wanda ƙasarsa ke da tauri da ramukan gara. Akwai tudun kufai, inda gari ya taɓa zama shekaru aru-aru, bango na faɗuwa ana gina wani a kansa. Ana gane shi da toka da tsingaro da gutsattsarin dutsen niƙa ko'ina a jikinsa. Akwai tsibin kashin tama a wuraren da aka yi narkar ƙarfe. Na huɗu shi ne tudun kushewa, wanda mutane suka tara ƙasa da gangan a kan gawar wani babba. Yawanci kewayayye ne, jikinsa sumul, ƙasarsa ba ta cika shara ba kamar ta kufai, kuma sau da yawa ba ya zama shi kaɗai, sai a ga uku ko biyar ko fiye a kusa da juna.

Wannan al'ada ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Malamin nan na Andalus, al-Bakri, ya rubuta a wajen 1068 yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana: a gina masa rumfar katako, a sa shi ciki da kayan adonsa da makamansa da akusan cin abincinsa, a lulluɓe rumfar da tabarmi, sannan jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama tudu. Ana samun tuddai masu kama da haka a Mali da Senegal. Sanin wannan tsari yana da amfani, domin shi ke bayyana dalilin da kan wasu tuddai ke loɓawa a tsakiya: katakon ciki ne ya ruɓe ƙasa ta rufta. Loɓawar ba alamar rijiyar dukiya ba ce.

Masana sukan kira irin waɗannan wurare na "kafin rubutaccen tarihi". Ba wai nufin mutanen ba su da tarihi ko wayewa ba ne. Nufin shi ne ba su bar mana takardar da suka rubuta labarin kansu ba, sai abin da baka ya riƙe da abin da ƙasa ta adana.

Abin da aka tarar a Durɓi

Durɓi Takusheyi tana cikin ƙaramar hukumar Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Sunan da kansa ya faɗi komai, Durɓi ta kusheyi. Tarihin baka ya danganta wurin da Durɓawa, gidan sarautar da ake farawa da Kumayau a ƙare da Sanau, wanda Muhammadu Korau ya karɓi mulki daga hannunsa. Sarautar Durɓi ba ta mutu ba, har yau Durɓin Katsina yana cikin masu zaɓen sarki, kuma shi ne hakimin Mani.

Sau biyu aka yi haƙa a hukumance. Na farko a 1907, lokacin da jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya buɗe wasu daga cikin tuddan a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. An fito da tukwane da kayan ƙarfe, amma ba a bar cikakken bayanin yadda suke kwance ba, kayan ma sun salwanta. A 1959 aka ayyana manyan tuddai uku da ƙanana biyu a matsayin abubuwan tarihi na ƙasa, shekarar da aka yi wa hasumiyar Gobarau irin wannan matsayi.

Haƙa ta biyu an yi ta a 1992, ƙarƙashin wani shirin bincike na Jamusawa tare da hukumomin Najeriya. An buɗe tuddai uku, kowanne da gawa ɗaya a tsakiyarsa. Tare da gawarwakin akwai mundayen tagulla, awarwaron hauren giwa, duwatsun tsakiya, duwatsun ado na gilashi, kuɗin wuri, ragowar tufa da fata da katako, da 'yan kayan ado na zinariya. A 2007 aka kai kayan birnin Mainz na Jamus don a gyara su a nazarce su, aka nuna su a can a 2011, aka dawo da su Najeriya a 2014. Gwaje-gwaje sun sanya kaburburan tsakanin wajen ƙarni na 13 zuwa farkon na 16.

Zinariyar da ake ta zuzutawa, kayan adon jikin mutum ce, ba tukunya cike da curi ba. Abin da ya fi ta nauyi a wajen masana shi ne wata tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya, wadda aka ƙiyasta ta ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16 ce. Kuɗin wurin da aka samu kuwa daga Tekun Indiya irinsa ke fitowa. Ke nan mutumin da aka binne a wani daji gabas da Katsina yana sanye da kayan da suka keto Sahara. Kuma shekarun tasar sun faɗo daidai lokacin da Musulunci ke kafuwa a fadar birnin Katsina, wajen zuwan malamin nan al-Maghili a shekarun 1490. Wato ana karatu a birni, a Durɓi kuma manya na ci gaba da binne nasu bisa tsohuwar al'ada. Babu wani kundin sarakuna da ya gaya mana wannan, tudu ne ya faɗa.

Dalilin da tudun da ba a taɓa ba ya fi kayan cikinsa daraja

Nan ne aka fi samun rashin fahimta. Mutum ya ce, to in dai kayan ake so, wa ya damu da wanda ya tono su? Amsar ita ce munduwar tagulla da aka tsinta a buhun dillali munduwa ce kawai. Wadda aka samu a ƙafar gawa, a zurfi kaza, kusa da gawayin da za a iya gwadawa, ita ce ke gaya mana wanda ya sa ta, da zamanin da ya rayu, da matsayinsa.

Haƙar masana aiki ne na sannu. Ana auna tudun a zana taswirarsa tukuna. A raba wurin gida-gida da igiya, mita ɗaya ko biyu kowane gida. A riƙa kankare ƙasa hawa-hawa, sau da yawa santimita 10 a lokaci guda, da ƙaramin cokalin magina da buroshi, ana tankaɗe ƙasar da rariya mai ƙananan idanu don kada ɗan dutsen ado ya wuce. Ba a ɗaga abu sai an ɗauki hotonsa a inda yake, an rubuta zurfinsa da abin da ke maƙwabtaka da shi. Idan abu ya yi rauni sosai, misali hula mai wuri da zarenta ya ruɓe, ba a tsince shi ɗaya-ɗaya. Ana yanke ƙasar da ke riƙe da shi dunƙule guda, a naɗe da bandeji da farar ƙasar ɗori irin ta asibiti, a kai ɗakin bincike a haska da na'ura kafin a buɗe. Da haka ake gane cewa wuri ɗari da ke warwatse a da jere suke a jikin ɗamara ko hula. Shebur ɗaya na mai neman dukiya ya isa ya shafe wannan bayani har abada.

Sanin shekaru ma ya dogara da tsabtar wurin. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwarsa. Da ɗan gawayin da bai kai ƙwayar gero biyu ba ana iya auna shekarun. Amma in ƙasar sama ta cakuɗe da ta ƙasa, gawayin ƙonar sharar bara ya haɗu da na shekara ɗari shida, babu wanda zai iya rantsuwa a kan sakamakon.

Sai kuma lalacewar kayan da kansu. Tagullar da ta shekara ɗaruruwa a ƙasa ta saba da damshin wurin. Da ta sha iska, gishirin da ya shige ta yakan fara fitar da wani koren gari mai cin ƙarfen daga ciki. Hauren giwa in ya bushe da gaggawa a rana sai ya tsattsage kamar ɓawon albasa. Tufa da fata kan zama ƙura cikin sa'o'i. Shi ya sa masana na yau ba sa gaggawar buɗe kowane tudu. Haƙa ko ta ƙwararru ce rushewa ce, sau ɗaya ake yin ta, kuma abin da ya faru da kayan 1907 ya isa darasi.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke aiki ita ce wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Abubuwan Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, a 1979. A ƙarƙashinta "abin tarihi" bai tsaya ga kayan da aka tono ba, ya haɗa da ƙasar da aka same su ko ake kyautata zaton suna ciki. Ba a haƙa don neman irin waɗannan kaya sai da izinin hukumar da amincewar gwamnatin jiha, ko da gonar mutum ce. Wanda ya ci karo da su ba da niyya ba, yana noma ko haƙar rijiya ko tushen gini, doka ta ba shi kwana bakwai ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma. Saye da sayar da su haramun ne sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, fitar da su waje kuma sai da takardar izini.

Dole a bambanta matakai biyu. Kai rahoto ba ya nufin an karɓe gona. Ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa wani dogon mataki ne daban: sai an buga sanarwa, an ba mai wurin damar ƙorafi, kuma doka ta tanadi diyya. A faɗin Najeriya wuraren da suka taɓa kai wannan matsayi ba su da yawa, an daɗe ana lissafa 65. Mafi yawan rahotanni kan ƙare ne da zuwan jami'i ya duba, ya auna, ya rubuta.

Raunin dokar a fili yake. Tarar lalata wurin da aka ayyana naira 1,000 ce, ko ninki biyu na darajar abin in ya fi haka, ko ɗaurin wata 12. A 1979 naira dubu kuɗi ce mai tsoratarwa, yau kuwa ba ta tsoratar da kowa. Kuma wa zai yi wa kushewar sarkin Durɓawa kuɗi a gaban alƙali? Matsalar sata ba zato ba ce. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa mutum-mutumin yumɓu na Nok da na yankunan Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. Da yawa daga cikin na Katsina sun isa kasuwannin Turai ba tare da an san ko daga wane ƙauye aka tono su ba, don haka har yau ba a san masu yin su sosai ba.

Abin da ke cin tuddan kullum

Ɓarawon dare shi aka fi ambata, amma ɓarnar yau da gobe ta fi tasa yawa. Garmar shanu tana shiga ƙasa kaɗan, amma faifan tarakta yakan nitse santimita 20 zuwa 30, kuma kowace huɗa tana jan ƙasar tudu zuwa gangare. In ana cin kunya ɗaya daga gindinsa kowace damina, cikin shekara ashirin gefensa ya zama gaɓa a tsaye, ruwa ya samu wurin tsagawa. Masu bulo da masu tifa suna son ƙasar tudu saboda a tare take, ba sai an yi zurfi ba. Masu aikin hanya kan buɗe kududdufin ɗiban jar ƙasa ba tare da an tambayi me ke wurin ba. Turbar dabbobi in ta bi ta kan tudu tana kashe ciyawa, mamakon Agusta ya mayar da ita kwazazzabo. Gafiya da gara na yin nasu daga ciki.

Har dashen itace, da ake yi da kyakkyawar niyya, illa ne a kan tudun kansa. Saiwar darbejiya tana ratsa kabari ta karkatar da ƙasusuwa, in iska ta tumɓuke itacen kuma ya fito da cikin tudun waje. Abin da ya dace da jikinsa ciyawa ce mai riƙe ƙasa, a riƙa yanka ta da lauje maimakon ƙonawa. Layin gamba ko jema a kewaye shi ke nuna wa mai huɗa inda zai juya.

Masu ruwa da tsaki, da abin da kowa ke gudu

Ƙorafin manomi gaskiya ne, kuma ana iya auna shi. A ɗauki tudu mai faɗin mita 20, a bar masa ratar mita 10 ta kowane gefe. Filin da ya fita daga noma ya kai murabba'in mita 1,250 da ɗoriya, kusan kashi ɗaya cikin takwas na hekta. In hektar tana ba da buhu takwas na gero, buhu ɗaya ke nan duk shekara. Ga gwamnati wannan ba komai ba ne, ga magidanci mai iyali abincin makonni ne. Duk tsarin kariyar da ya ce manomi ya haƙura da buhun nan don kishin tarihi kawai, ba zai kai damina uku ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a biya shi ƙimar abin da ya bari, a kuma naɗa shi ko ɗansa mai gadin wurin da ɗan alawus, tunda shi ne ke wurin safe da yamma.

Wasu malamai na da damuwa ta daban, cewa kusheyin mutanen da ba su bi tafarkin Musulunci ba ne, kuma girmama kabari ƙofa ce ta shirka. Damuwar tana da tushe, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai kariyar da doka ke nufi ba ta ƙunshi ziyarar neman tubarraki ko yanka ba, hana tonewa ce da hana bajewa. A kan tonon kabari don neman dukiya kuwa, da malami da masanin tarihi bakinsu ɗaya. Alƙur'ani kuma ya maimaita umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, abin da ba ya yiwuwa in an shafe sawunsu. Inda ake bukatar hattara shi ne ƙasusuwan da aka fitar: a nazarce su da mutunci, kada su zama abin kallo.

Masu fatan yawon buɗe ido su ma su rage buri. Tudun ƙasa ba ya ɗaukar ido kamar Gobarau ko rijiyar Kusugu, kuma matsalar tsaro a sassan jihar ta rage tafiye-tafiye. Baƙin da za a iya dogara da su 'yan makaranta ne da ɗaliban jami'a, kuma su ma sai an haɗa musu ziyarar da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, su ji bayani a can sannan su je su ga wurin.

In garma ko diga ta tono wani abu

A dakatar da aiki a wurin nan take. Kada a ciro abin da ya rage a ƙasa, kada a faɗaɗa ramin don a ga iyakarsa. A ɗauki hoto da waya daga sama da kuma daga gefe, a ajiye wani abu da aka san girmansa kusa da shi, kamar ashana ko fartanya, a kuma adana lambar wurin da taswirar waya ke nunawa. A mayar da ƙasa mai laushi a rufe da kauri kamar taƙi ɗaya, don rana da awaki.

Abin da ya riga ya fito kada a wanke shi. Goge tagulla da toka ko lemun tsami ko ruwan tsamiya yana cire fatar da ke ɗauke da zane da ragowar tufa. Kada a kankara da wuƙa don a ga ko zinariya ce. A naɗe kowane abu daban a takarda ko tsumma mai tsabta, a ajiye a inuwa. Ƙarfe busasshe kada a ƙulle shi a leda, gumin ciki ke tayar da tsatsa.

Daga nan a sanar da mai unguwa, shi ya kai wa dagaci da hakimi, a rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma da gidan tarihi na Katsina cikin kwana bakwai ɗin nan. A riƙe kwafin takardar da aka buga wa hatimi. Duk wanda ya zo karɓar kaya ya nuna shaidar aiki, ya kuma ba da rasit mai jerin abin da ya ɗauka da sa hannun shaidu biyu, domin akwai dillalan da ke zuwa da sunan hukuma.

Babban giɓin da ya rage shi ne rajista. Tuddai biyar aka ayyana a Durɓi a 1959, amma tudun da ba ya cikin kowace takarda ba wanda zai san ya ɓace. Wannan aiki ba ya bukatar haƙa ko kuɗi mai yawa. Masu unguwanni sun san kowane tudu da kufai a ƙasarsu da sunan da ake kiransa. Ɗaliban sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da ma'aikatan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, za su iya bin gundumomi da rani bayan an kawar da amfanin gona, su auna faɗi da tsawon kowane tudu, su rubuta sunan mai gonar, su kafa turakun siminti huɗu a iyakarsa. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin hakimi, ɗaya a sashen filaye na ƙaramar hukuma, ɗaya kuma a ma'aikatar ayyuka, yadda duk ɗan kwangilar da zai buɗe kududdufi sai an duba jerin kafin katafila ta sauka daga mota.